Ruwan Kifi Daga Jirgin Sama, da Abin da Bidiyon Bai Nuna Maka Ba

Idan kana yawan leƙa Facebook ko TikTok, da wuya a ce wannan bidiyo bai taɓa gilmawa ta gabanka ba. Wani ƙaramin jirgin sama ne ke shawagi ƙasa-ƙasa a kan tafkin da ke can ƙwanƙolin tsauni, ruwan garau, itatuwa sun kewaye shi. Can sai cikin jirgin ya buɗe, ruwa ya feso, dubban ƙananan kifaye suna wutsil-wutsil a iska suna faɗawa tafkin. Ba haɗin kwamfuta ba ne. Hukumar kula da namun daji ta jihar Utah a Amurka ce ke wannan aiki tun shekarun 1950, kuma ita da kanta take sakin bidiyon. Ta ce jirgin kan ɗauki kifi har 35,000 a sawu guda, kuma wajen kashi 95 cikin 100 suna sauka da ransu, domin ba su wuce tsawon yatsa ba, iska ce ke tallafe su suna saukowa kamar ganye.

Bakatsine in ya ga wannan, abin da ke fara zuwa masa a rai sananne ne. Ga mu da Zobe, ga Jibiya, ga Ajiwa a bakin gari, amma kifin da ke cikin miyarmu sau da yawa daga ƙanƙara ya fito, ko kuma banda ce da aka yo lodinta daga wata jihar. Me ya hana mu ma a riƙa cika dam-dam ɗinmu haka? Ko babu jirgi ai akwai mota.

Wannan sha'awar ce nake so mu ja wa birki. Bidiyon gaskiya ne, sai dai ya tsaya daidai inda labarin yake farawa. Lura da kashi 95 ɗin nan: lissafin waɗanda suka tsira daga faɗowa ne kawai. Bai ce komai a kan nawa ne za su kai baɗi ba, bai kuma ce komai a kan abin da suka tarar a ruwan suka cinye ba. Irin wannan lissafin muke yi a nan gida duk lokacin da aka ce an zuba 'ya'yan kifi dubu kaza a dam kaza. A ƙirga abin da ya shiga ruwa, a ɗauki hoto da bokiti a hannu, a watse.

Wane kifi ne ma wannan?

Sunansa tirawut, ɗan'uwan salmon ne. Ba shi da suna a Hausa don bai taɓa zama a ruwanmu ba, kuma ba zai zauna ba. Kifin ruwan sanyi ne. Ya fi sakewa in ruwa yana tsakanin digiri 10 zuwa 18 a ma'aunin Salshiyas, in ya haura 20 ya fara galabaita, in ya kai 25 aka daɗe a haka sai mutuwa. Babban dalili shi ne iskar oksijin. Ruwa mai digiri 10 yana iya riƙe kimanin miligiram 11 na oksijin a kowace lita, mai digiri 30 kuwa bai wuce 7 da rabi ba. Ga shi kuma zafi yana sa jikin kifi ya ƙara cin oksijin ɗin. Wato buƙata na hawa, abin biyanta na sauka. Birnin Katsina yana wajen mita 500 ne sama da teku, kuma a watan Afrilu zafi yakan taɓa digiri 40. Ka zuba tirawut a Ajiwa da bazara, ba zai ga damina ba.

Shi ya sa a Afirka galibi a kan tsaunuka ake samunsa, a yawancin wuraren ma kai shi aka yi. Turawan mulkin mallaka sun kai shi tsaunukan Aberdare na Kenya a 1905, kuma yau ana kiwonsa a keji a dam ɗin Katse na ƙasar Lesotho, wajen mita 2,000 sama da teku, har ana sayar da shi a Japan. Namu kifayen akasin wannan matsalar suka warware. Tarwaɗa tana da wani sashe a saman matattarar numfashinta da ke ba ta damar shaƙar iska kai tsaye, shi ya sa za ka gan ta da rai a cikin baho a kasuwa. Gaiwa kuwa huhu ne da ita, in ruwa ya ƙafe sai ta shige laka ta naɗe kanta ta jira damina.

Yadda ake kama tirawut a waɗannan tafkuna abin sha'awa ne, ba zan ɓoye ba. Ba tana ake sa wa ƙugiya ba. Gashin tsuntsu da zare da ɗan gashin dabba ake ɗaura mata har ta yi kama da ƙwaro. Da yake jabun ƙwaron ba shi da nauyin da za a jefa shi nesa, igiyar fatsar ake yi mai nauyi. Mai kamun yana kaɗa sandarsa gaba da baya kamar mai shirin zabga bulala, igiyar ta miƙe, ta ajiye ƙwaron a kan ruwa a hankali ba tare da ta firgita kifi ba. Gwanintar tana wajen sanin wane ƙwaro ne ke fitowa a wannan sa'ar. Akwai ƙwarin da ke yin kusan duk rayuwarsu a ƙasan ruwa suna tsutsa, rana ɗaya su taso gaba ɗaya su yi fiffike, kamar yadda shinge ke ɓarkewa bayan ruwan farko. A lokacin kifi ba ya kula komai sai su, in naka ƙwaron ya bambanta da su a girma ko launi, haka za ka koma gida hannu rabbana. Ilimin halittu ne sosai, irin wanda tsohon masunci a Jibiya yake da shi in ya dubi launin ruwa ya ce maka yau tarwaɗa za ta hau ciyawa.

To amma ga inda muka rabu da su. Da yawa daga cikin masu wannan kamu, in sun kama kifin sai su cire ƙugiya su mayar da shi ruwa. Nishaɗi ne. Jiha tana zuba kifi a tafki don masu fatsa su zo, masu fatsa suna sayen lasisi, kuɗin lasisi na shiga asusun hukumar da ke ƙyanƙyasar kifin. Jirgin da ka gani ba yunwa yake magani ba.

Littafin da ya bi sawun kifin

A 2010 wani masanin muhalli Ba'amurke, Anders Halverson, ya fitar da littafi mai suna An Entirely Synthetic Fish, wato kifin da ɗan Adam ya ƙera shi gaba ɗaya. Tarihin tirawut mai bakan gizo ne, nau'in da ya fi kowane yaɗuwa. Ya faro daga 1872, lokacin da gwamnatin Amurka ta tura Livingston Stone kogin McCloud a Kalifoniya ya tattaro ƙwan kifi. Koguna a gabashin ƙasar sun lalace saboda madatsai da dattin masana'antu da yawan su. Gyara kogi yana nufin faɗa da masu masana'antu, gina gidan ƙyanƙyasa kuwa ba ya ɓata wa kowa rai. Aka zaɓi na biyun. Daga nan ƙwan wannan kifi ya bi jirgin ƙasa da jirgin ruwa, yau yana kowace nahiya ban da Antatika, kuma ƙungiyar IUCN ta sa shi a jerin baƙin halittu 100 da suka fi ɓarna a duniya.

Abin da ya fi burge ni a littafin shi ne bai mayar da kowa mugu ba. Halverson shi kansa mai fatsa ne, ya san daɗin abin. Mutanen da yake ba da labarinsu ƙwararru ne masu kyakkyawar niyya, kowanne yana gyara abin da na gabansa ya ɓata, yana kuma shuka abin da na bayansa zai zo ya gyara. A watan Satumba na 1962, kafin a rufe dam ɗin Flaming Gorge, hukumomi suka zuba guba mai suna rotinon a fiye da kilomita 700 na kogin Green da rassansa, don a kashe kifayen asali da ake wa kallon marasa amfani a sa tirawut. Huɗu daga cikin nau'o'in kifin wannan yanki daga baya suka shiga jerin halittun da ke gab da ƙarewa, ana ta kashe kuɗi don ceto su. Af, gubar nan ba baƙuwa ba ce a wurinmu: dangin sinadarin da ke cikin magimfa ne, ganyen da ake dakawa a zuba a ruwa kifi ya taso. In talaka ya yi, laifi ne. Can gwamnati ce ta yi da kasafin kuɗi.

Babin da ya shafi bidiyonmu kai tsaye shi ne na tsaunukan Sierra Nevada a Kalifoniya. Akwai dubban tafkuna a can sama waɗanda ƙanƙara ta sassaƙa, kuma kusan dukkansu ba su da kifi ko ɗaya tun asali, saboda gangaren ruwa ya hana kifi hawa. Mutane suka dube su suka ce ai wofi ne. Aka fara kai kifi a gwangwani a bayan alfadarai, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma aka koma jirgin sama.

Ashe ba wofi ba ne. Akwai wani kwaɗo mai rawayar ƙafa da a da ya cika bakin waɗannan tafkuna. Saboda tsananin sanyi, 'ya'yansa masu wutsiya sukan yi shekara biyu zuwa huɗu a ruwa kafin su zama kwaɗi, don haka dole sai tafki mai zurfi wanda ba ya daskarewa har ƙasa. Irin tafkin da tirawut ke so ke nan. Kwaɗon bai taɓa sanin kifi ba, bai san gudu ba, bai san ɓuya ba. Roland Knapp da Kathleen Matthews sun bi wuraren ruwa sama da 1,700 a yankuna biyu maƙwabta, ɗaya ana ci gaba da zuba kifi, ɗaya an daina, suka wallafa sakamakon a 2000: inda kifi ya yi yawa kwaɗo ya yi ƙaranci ƙwarai. Wani zai ce ai wannan dacewa ce kawai. Sai Vance Vredenburg ya yi gwajin da ya kashe bakin gardama, ya sa raga ya kwashe kifin wasu tafkuna kakaf, kwaɗi suka dawo cikin 'yan shekaru, ya wallafa a 2004. Ba kwaɗo kaɗai abin ya taɓa ba. Kifin yana cinye tsutsar ƙwarin nan masu tasowa, aka kuma gano cewa wani ƙaramin tsuntsun tsauni da ke ciyar da 'ya'yansa da su ya fi yawa a tafkunan da ba kifi. An jefa kifi a ruwa, tsuntsu a sama ya ji a jikinsa.

Adalci ya sa a faɗi cewa ba kifi kaɗai ya kassara kwaɗon ba, akwai wata cutar fata da naman gwari ke haddasawa wadda ta kashe kwaɗi a nahiyoyi da dama. Hukumar Utah ma tana cewa da yawa daga kifin da take zubawa marasa haihuwa ne, don kada su mamaye ruwa. An ɗan koyi darasi ke nan. Amma kifin da ba ya haihuwa ai yana cin abinci. A gandun Yosemite, inda aka daina zuba kifi a 1991, binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna kwaɗon ya ninka wajen sau bakwai cikin shekara 20.

Sai labarin Montana, wanda in da ni ne zan sa a karanta wa duk wani kwamishinan gona. A ƙarshen shekarun 1960 wani matashin jami'i, Dick Vincent, ya lura cewa sashen kogin Madison da ake zuba wa kifin ƙyanƙyasa bai fi sauran kifi ba. Aka yarda ya gwada: a daina zubawa a inda aka saba, a fara zubawa a wani rafi da ba a zubawa. Inda aka daina, kifin da aka haifa a kogin ya ƙaru sosai, ya kuma ƙara girma. Inda aka fara, ya ragu. Kifin ƙyanƙyasa ya saba da turereniya a kwami, ya zo ya hargitsa na gida, ya kore su daga mafakarsu, sannan shi ma ya mutu don bai iya neman abinci ba. Mutanen garuruwan yankin sun yi ca a kan Vincent, suna tsoron masu yawon fatsa za su daina zuwa. Duk da haka a 1974 jihar ta daina zuba tirawut a kogunanta, ta koma kula da ruwan da gaɓarsa. Yau Montana na cikin wuraren da suka fi suna a duniya wajen wannan kamu.

Inda littafin ya gaza mana

Taken littafin ya yi alkawarin labarin yadda kifin ya mamaye duniya, amma in ka karanta, kusan duka Amurka ce. Afirka da Kudancin Amurka da Asiya 'yan leƙe kawai suka samu. Wannan ba ƙaramin giɓi ba ne, domin tambayar da ta dame mu ba ta taso masa ba sam. A wurinsa kifi abin wasa ne, don haka in aka ce a zaɓa tsakanin kwaɗo da nishaɗin mai fatsa, zaɓin da sauƙi. A wurinmu kifi miya ne, kuma kuɗin makarantar ɗan masunci ne. Wanda ya ɗauki darasin Sierra Nevada ya ɗora shi a kan Zobe yadda yake, ya ce zuba kifi ɓarna ce a ko'ina, shi ma ya yi kuskure irin na mai sha'awar jirgi.

Dam ba tafkin tsauni ba ne. Zobe, da aka kammala a 1983 a kan kogin Karaduwa kusa da Dutsin-Ma, yana iya riƙe ruwa kusan kubik mita miliyan 180. Jibiya, a kan kogin Gada, wajen miliyan 140. Ajiwa, da birnin Katsina ke shan ruwansa tun tsakiyar shekarun 1970, ya fi su ƙanƙanta nesa. Duk mutum ne ya yi su, a kan kogunan da ke gudu 'yan watanni su ƙafe. Babu wata tsohuwar al'ummar halittu mai shekara dubu goma da za a ce an rusa. Kuma akwai inda kai kifi sabon dam ya yi rana: a 1967 da 1968 an ɗauko wani ƙaramin kifi daga Tafkin Tanganyika aka zuba a Kariba, tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, ya cika tsakiyar ruwan da kifayen kogi ba sa zuwa, ya zama kapenta da dubban mutane ke ci da ita har yau. An yi nasara a can don akwai gurbi na gaske da abinci na gaske da ba mai ci.

Tambayar da ta dace ke nan kafin a tayar da mota: me ya rage kifin dam ɗin? In rashin iri ne, zubawa magani ce. Ƙaramin dam na ƙauye da ke ƙafewa duk shekara, ko wanda aka gama ginawa ba kifi a ciki, zuba masa 'ya'yan kifi a farkon damina a kwashe kafin ya ƙafe noma ne sosai, kuma ƙasashen Asiya irin su Siri Lanka sun daɗe suna yi. Amma a babban dam da ruwa ke kwana, da wuya a ce iri ne ya ƙare.

Mu yi ɗan lissafi. Karfasa ce kan gaba a kamun yawancin dam-dam na arewa. Namijin yana haƙa ɗan rami a ruwa marar zurfi, macen ta zuba ƙwai, a nau'in da aka fi sani ta kwashe su a baki ta riƙe har su ƙyanƙyashe, ba ta cin abinci a tsawon lokacin. Mace ɗaya tana yin ɗaruruwan ƙwai a zubi guda, kuma tana maimaitawa sau da dama a watannin zafi. A ce kowace ta yi 500. Mata 200 kacal sun ba ka 100,000 a zubi ɗaya. Gaskiya ne na ƙyanƙyasa sun fi waɗannan girma ranar da aka sake su, don haka sun fi su damar tsira. To ninka matan sau goma, 2,000 ke nan. A ruwa mai girman Zobe wannan ba komai ba ne. Abin da motar gwamnati za ta kawo da jiniya, karfasar da ke ciki tana yin ninkinsa a shiru, in an bar ta ta kai ga haihuwa.

Nan gizo ke saƙar. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana raga mai idon da bai kai milimita 76 ba, in ban da wasu keɓantattu, ta kuma hana guba da nakiya da lantarki. Ka je bakin ruwa ka dubi idon kallin da ake shimfiɗawa, ka dubi girman karfasar da ake soyawa a bakin titi, wadda uku ba sa cika tafin hannu. Akwai ma masu su da gidan sauro. Ba don masunta ba su sani ba ne, sun fi kowa sani. Ruwan na kowa ne, wanda ka bari yau maƙwabcinka zai kama gobe, ga tsadar rayuwa, ga rashin tsaro da ya takura zirga-zirga a yankunan Jibiya da Dutsin-Ma. In ka zuba 'ya'yan kifi 100,000 a ruwan da ke cike da irin wannan raga, ka ba ragar abinci ne.

Sannan akwai ruwan kansa. Dam-dam ɗin nan don sha da noman rani aka gina su, ba don kifi ba. In aka ja ruwa da rani, gefen da karfasa ta yi ramukanta shi ne farkon bushewa. Tarwaɗa tana buƙatar ciyawar da ambaliya ta shafe ta zuba ƙwai, in an nome gaɓar har bakin ruwa ina za ta je? Yashi da laka daga gonaki suna cike dam a hankali, taki da maganin feshi suna gangarowa. Kowane ruwa yana da iyakar nauyin kifin da abincinsa zai ɗauka. Manomi ya san wannan: in gero ya yi yawa a rami ragewa ake yi, ba a ƙara iri. Karfasa ma in ta cunkushe sai ta tsumbure, ta fara haihuwa tana 'yar mitsitsiya, ka samu kifi da yawa ba na sayarwa.

Kuma wane kifi za a zuba? Wanda ya fi samuwa a gidajen ƙyanƙyasa a Najeriya tarwaɗa ce, sau da yawa daga iyaye 'yan kaɗan da aka yi ta haɗa su da juna, wani lokaci ma gauraye da ramboshi. An zaɓe ta ne don ta yi saurin girma a kwamin siminti da abincin buhu. In ta barbaru da ta dam, me za ta bar wa jikokin? Tana kuma cin ƙananan kifaye, har da 'yan'uwanta. Wannan tarwaɗar tamu da aka kai Indiya ta addabi kifayensu har gwamnati ta hana kiwonta. Cuta ma tana bin mota. Cutar da ke sa tirawut juyi kamar mai hajijiya ta bi kifin ƙyanƙyasa ta shiga kogunan Colorado ta kassara su a shekarun 1990. Kusa da mu, a 2018 da 2019 wata ƙwayar cuta ta yi wa masu kiwon karfasa a keji a Tafkin Volta na Gana mummunar asara.

In kuma wani ya ce a kawo babban kifi mai tsada, to giwan ruwa ya ishe mu misali. A Kainji da Tafkin Chadi ɗan gida ne, sauran kifaye sun san shi. A shekarun 1950 aka kai shi Tafkin Biktoriya, ya yi shiru wajen shekara 20 zuwa 30, sannan ya ɓarke a shekarun 1980. Tafkin yana da nau'o'in dangin karfasa kusan 500 da ba su a ko'ina a duniya, ana ƙiyasin wajen 200 sun ɓace, da taimakon gurɓacewar ruwa. An samu masana'antar fitar da nama zuwa Turai, wannan gaskiya ne. Sai dai ba wanda zai iya fitar da shi daga tafkin yanzu, ko da an so.

Abin haushin shi ne dabarar da Montana ta gano a 1974 muna da irinta tun kafin nan. A Argungu, sashen kogin da ake kira Matan Fada a rufe yake duk shekara ƙarƙashin kulawar Sarkin Ruwa, sai ranar biki ake shiga, bikin da aka faro a 1934. Manyan giwan ruwan da ake ɗagawa a hoto, abin da ya ba su girma shi ne an ƙyale su. A Kainji ma, aikin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus na shekarun 1990 ya gano cewa babban tarun da ake ja daga gaɓa yana kwashe 'ya'yan manyan kifaye, aka bi ta hannun sarakunan ruwa da shugabannin masunta aka hana shi. Riƙe irin wannan doka bayan masu ba da tallafi sun tafi wani aiki ne daban, mai wuya. Kuma ba ya hoto. Ba wanda zai gayyaci 'yan jarida su zo su ɗauki kifin da ba a kama ba.

Ban ce kada a ƙara zuba kifi a dam ɗin Katsina ba. Na ce a yi abin da Vincent ya yi, a auna. Hanyar ba ta da tsada. Kafin a saki 'ya'yan kifin, a datse wa kowanne gefen ƙaramin fiffike ɗaya da almakashi, alamar da ake ganewa in ya girma, kamar yadda gidajen ƙyanƙyasar salmon da tirawut ke yi a Amurka. A sa mutum biyu da sikeli da littafi a mashigar da masunta ke sauke kaya, su rubuta nauyi da nau'i da tsawo, wata shida kafin a zuba da shekara guda bayan nan. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma tana da sashen nazarin kifi a maƙwabtan Zobe, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua tana kusa da Ajiwa, ga cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a New Bussa. Ɗaliban da ke neman abin rubuta kundi ba su da iyaka. In bayan shekara an samu masu datsattsen fiffike da yawa a kwandon masunta, an san kuɗin ya dawo, a ƙara. In an samu goma cikin dubu ɗari, kuɗin baɗi sai a sayi raga mai faɗin ido a musanya wa masunta da tasu, a kuma biya su diyyar watannin damina da za su bar ruwan ya huta.